Tirela a gaba, tanka a baya: yaya mai ƙaramar mota zai tsira a hanyar Zariya zuwa Suleja?

Tambaya: Bara na koyi mota. Yanzu aikin koyarwa ya mayar da ni Suleja, iyali kuma suna Zariya, don haka kusan duk ƙarshen mako ina kan hanya. Da na hangi tirela sai gabana ya faɗi, in matsu in wuce ta in huta. Kawuna ya ce direbobin manyan motoci mugaye ne, ba sa taka wa ƙaramar mota birki. Mene ne gaskiyar wannan magana, kuma ta yaya zan yi tuƙi a tsakaninsu lafiya?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a sabon wurin aiki, ya kuma tsare hanya. Na riƙe sitiyarin babbar mota kafin in koma koyar da tuƙi, saboda haka zan ba ka amsa daga can sama inda direban tirela yake zaune, wurin da yawancin masu ƙananan motoci ba su taɓa leƙawa ba.

Maganar Kawu ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Akwai 'yan ganganci a cikinmu. Akwai mai shan ƙwaya don kada ya yi barci, akwai ubangidan da zai miƙa wa yaron mota sitiyari cikin dare ya koma baya ya kwanta, akwai mai motar da ya san birkinta ya mutu amma ya ce a lallaɓa a kai kaya tukuna. Sai dai mafi yawan abin da mutane ke kira mugunta ba mugunta ba ce, gazawa ce. Sau da yawa direban bai gan ka ba sam. In ma ya gan ka, motar ba ta tsayawa a inda yake so ta tsaya. Kaucewa kuma ba ta cikin zaɓinsa, domin in ya fizgi sitiyari da lodi a bayansa, ko motar ta kife, ko kan motar ya naɗe da bodi ta share duk abin da ke kan titi. Kai da ke cikin ƙaramar mota kai ne mai zaɓi: kana iya tsayawa, kana iya ja da baya, kana iya sauka gefe. Saboda haka aikin tsare tazara tsakaninka da shi a wuyanka yake, ko da laifin nasa ne a wajen doka. Abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarka ba faɗuwar gaban ba ce, wannan matsuwar ce ta "in wuce ta in huta". Ita ce ke kai mutane lahira.

Bari mu fara da nauyi. Tirelar siminti da ta taso daga Obajana ko Ashaka da buhu 600, kowane buhu kilo 50, tana ɗauke da tan 30 na kaya zalla. In ka haɗa da kan motar da bodinta, ta haura tan 40. Akwai masu ɗora buhu 900. Motarka da kai da iyali da kayan tsaraba da kyar ta kai tan 2. A gudun kilomita 100 a awa, ƙaramar mota mai lafiya tana buƙatar abin da ya kusa mita 100 daga lokacin da direba ya ga haɗari zuwa lokacin da ta tsaya cik. Tirela mai lodi, wadda birkinta da tayoyinta ke lafiya lau, tana haura mita 150. To ina ga wadda aka yi wa obalodi, tayoyinta sun suɗe, titi kuma ya jiƙe? Birkin babbar mota na iska ne, ba na mai ba kamar naka. Bayan direba ya taka, sai iska ta bi ta tiyo ta isa tayoyin baya kafin birki ya kama, kuma wannan ɗan jinkirin na kusan rabin daƙiƙa mitoci ne masu yawa a kan kwalta. Ka kuma riƙe wannan lissafin: in gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki ba sau biyu take ninkawa ba, sau huɗu ne. Shi ya sa dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari, yayin da aka ba motar gida 100 da 80 da 50. Tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na dakon kaya. Kai ma shaida ne cewa abin da ke rubuce daban, abin da ke gudu a hanyar Kaduna daban. Kada ka gina lissafinka a kan cewa tirelar da ke bayanka tana bin doka.

Daga nan za ka gane kuskuren da ya fi kowanne yawa: mutum ya wuce tirela, ya faɗa gabanta nan take, sannan ya taka birki saboda rami, ko tudun rage gudu, ko ya tuna zai shiga gidan mai. Filin da ka gani a gabanta ba kyauta direban ya bar maka ba, wurin birkinsa ne. Kai ka cinye shi. In ka wuce, kada ka koma hannunka sai ka ga gaban motar gaba ɗaya, fitilunta biyu har da tayoyin gaba, a madubinka na ciki, ba na gefe ba. In ka koma, ci gaba da gudunka har tazara ta buɗe. In kuwa ka san saura kaɗan ka kauce daga hanya, me ya kai ka wuce ta? Zauna a bayanta, minti ɗaya ne.

Sai maganar gani. Mutane suna zaton wanda ke sama yana ganin komai. Yana hango nesa, gaskiya ne, amma abin da ke jikinsa ba ya gani. Ba shi da madubin ciki, domin bayansa bodi ne. Duk abin da ya manne a bayan tirela babu shi a duniyar direban. A gaba ma akwai mitocin da ke ɓace masa a ƙarƙashin gilashi, musamman a motoci masu dogon hanci irin su Mack. Babur ko A daidaita sahu yana iya tsayawa a nan a cikin cunkoso, direba ya tashi mota bai san da shi ba. Amma wurin da ya fi muni shi ne gefen dama. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, direba yana zaune ne a hagu, don haka daga ƙofar yaron mota zuwa baya akwai babban fili da madubi ba ya kaiwa sosai, har ya kan haɗiye mota sukutum. Wannan in madubin yana nan ke nan. Ka riƙa lura a hanya, za ka ga tireloli da yawa madubin dama ya fashe ko an ɗaure shi da roba yana kallon sama. Yaron mota ne madubin, shi kuma ƙila ya yi barci tun daga Jaji.

Ma'aunin mai sauƙi ne. In ba ka ganin madubinsa na gefe, ba ya ganinka. In kana ganin fuskarsa a ciki, to akwai yiwuwar ya gan ka, in ya duba. Kada ka taɓa wuce babbar mota ta dama, ko da ta bar maka fili kamar ana gayyatarka. Kada kuma ka jera da ita kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta kowane gefe. Ko ka wuce, ko ka koma baya. Zama a gefenta yana nufin duk ramin da za ta kauce wa a kanka za ta kauce. Tayarta ma in ta fashe kana daidai wurin, ɓallin roba da waya zai iya ragargaza maka gilashi, ga ƙarar da ke sa sabon direba ya fizgi sitiyari.

Wannan filin na dama yana da wani tarko a kwana da shataletale. Tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwana ne ta ciki. Don haka in direba zai juya dama, dole ya fara buɗewa hagu. Wanda bai sani ba sai ya ga hanya ta buɗe ta dama, ya kutsa, bodi ya zo ya matse shi da gefen titi ko kwalbati. Da ka ga tirela ta buɗe hagu kusa da mararraba, tsaya a baya ka bar ta ta gama abin da take yi, ko siginarta na aiki ko ba ya yi.

Yanzu ga babbar maganar, wato wucewa, wadda direbobi ke kira obatekin. A inda titi yake da hannu biyu kuma kowane ɓangare na aiki, abin da sauƙi: duba madubi, sa sigina, ɗan danna hon ko ka haska masa fitila, ka wuce ta hagu ba tare da ɓata lokaci ba. Matsalar tana inda aiki ya sa aka haɗe masu zuwa da masu dawowa a ɓangare ɗaya, abin da duk mai bin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano ya sha fama da shi tsawon shekarun da aka ɗauka ana gyaranta. Mu yi lissafi tare, tunda kai malami ne. A ce tirela mai tsawon mita 17 tana tafiya a 60, kai kana wuce ta a 90. Bambancin gudunku kilomita 30 ne kawai a awa, wato mita 8 da ɗan ɗori a daƙiƙa. Kana buƙatar cin tazarar da ke bayanta, da tsawonta, da tsawon motarka, da tazarar da za ka bari a gabanta, a ce mita 80 jimilla. Daƙiƙa 10 ke nan kana hannun da ba naka ba. A cikin daƙiƙa 10 ɗin ka ci mita 250. Motar da ke tahowa a 100 ta ci kusan 280. Ke nan sai kana ganin fiye da rabin kilomita fayau, babu kwana, babu tudu, babu mai tahowa, kafin ka leƙa. In tireloli biyu ko uku ne a jere, kamar yadda suka saba tafiya, ninka lissafin, kuma kada ka sa rai za ka samu wurin fakewa a tsakaninsu.

Ba za ka iya ganin rabin kilomita ba in ka manna hancinka a bayanta. Wannan shi ne abin da sababbin direbobi ba sa ganewa: matsowa kusa ba ta rage maka aikin wucewa, rufe maka ido take yi. Ja baya. Daga nesa kana ganin hannun hagu ba sai ka fitar da rabin motarka ba, kuma kana da filin ɗaukar gudu kafin ka fita. Ka zaɓi wata alama a gefen hanya, bishiya ko turken wuta, in bayan tirela ya wuce ta ka fara ƙirga "dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu" har huɗu. In ka isa alamar kafin ka gama, ka yi kusa. Da ruwan sama ko hazon hunturu, ƙara. Kafin ka fita kuma rage giya ɗaya don motar ta amsa totur. In ka fita ka ga abin ba zai yiwu ba, saki totur ka koma bayanta. Babu kunya a ciki. Abin kunya shi ne bin wata Sharon ko Golf ta haya da ta fita a gabanka, kana zaton idonta naka ne. Ita za ta samu ta shige, kai a bar ka da mai tahowa.

Game da siginar da direban tirela ke yi maka, ko hannun da yaron mota ke miƙowa yana cewa ka wuce, karɓe su a matsayin shawara kawai. Direbobi ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Wani ya kunna siginar hagu yana nufin kada ka fito, wani kuma hagun zai shiga da gaske don kauce wa motar da ta lalace a gaba. In idonka bai gani ba, ba ka gani ba.

Tazarar bayan nan tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Ƙasan bodin tirela daidai gilashin gabanka yake. Tireloli da yawa ba su da ƙarfen kariya a baya, ko ya lanƙwashe tuntuni. In ka daki bayanta, bambar motarka da injinta, waɗanda aka ƙera su don su shanye duka, wucewa za su yi ta ƙasa, ƙarfe ya same ku a fuska. Bel da jakar iska ba sa maganin wannan. Haka nan kayan da ke kanta: rodi da ya zarce bodi, itace, buhunan da igiya ta saki, tsakuwar da ke zuba daga tifa, dutsen da ya maƙale tsakanin tagwayen tayoyi ya fito kamar harsashi. Kwantena kuwa, in ba a kulle ta da bodi ba, nauyinta kawai ke riƙe da ita. Mutanen Legas sun ga abin da hakan ke haifarwa a gadar Ojuelegba ba sau ɗaya ba. Kada ka tsaya a gefen kwantena ko motar da lodinta ya karkata, musamman a kwana ko inda titi ya jirkice. A kan hawa kuma, in kun tsaya, bar mata fili sosai, domin mai lodi tana ɗan komowa baya kafin ta kama giya, wani lokacin kuma ba ɗan kaɗan ba.

Gangara ita ce inda nake so ka mayar da idonka baya. Birkin babbar mota yana ɗaukar zafi in aka daɗe ana taka shi, kuma in ya yi zafi sosai sai ya daina kamawa ko da iska ta cika tanki. Direban kirki da giya yake sauka, tun daga sama. Wanda ya saki mota a furi don ya tsimi gas, shi ne ake jin labarinsa a Hawan Kibo ko Felele ta Lakwaja. Alamomin ba sa ɓuya: hon da ba ya yankewa, fitilu na walƙiya, hayaƙi daga tayoyi, warin ƙuna, yaron mota ya leƙo yana ihu. In ka ga haka a madubi, kada ka taka birki a gabanta kana tunanin me ke faruwa. Nemi wurin fita ta dama ka ba ta titi gaba ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a inda motoci suka tsaya a ƙasan gangara, kamar shingen jami'an tsaro, ko kasuwar bakin hanya, ko cunkoso. In kai ne na ƙarshe a layi, kunna fitilun gargaɗi huɗu, bar tazara tsakaninka da na gabanka yadda za ka iya zamewa gefe, idonka kuma a madubi har sai wasu motoci sun taru a bayanka.

In kuma tirela ce ta yi aron hannu ta taho maka gaba da gaba, saboda rami ko tana wuce 'yar'uwarta, kada ka tsaya jayayya da fitila. Rage gudu, ka yi dama, ko da za ka sauka daga kwalta. Kada ka yi hagu ko da ka ga can ne a buɗe, domin can zai koma da zarar ya farga. Bakin kwaltarmu a wurare da yawa ya zaizaye ya zama gaɓa, don haka ka kashe gudu kafin taya ta sauka, in ta sauka kuma kada ka fizgo ta sama da ƙarfi. Tsaya, ka hau a hankali.

Dare kuwa, shawarata ka bar shi. Ka taso daga Suleja da rana tsaka ranar Juma'a ya fi maka ka tsaya har bayan magariba. Tireloli sun fi yawa da dare, direbobinsu sun fi gajiya gab da asuba, kuma a wurare irin su Tafa da Mararrabar Jos suna fakawa a bakin titi, wani lokacin rabin bodi a kan kwalta. Wadda ta lalace a tsakiyar hanya sau da yawa ba fitila, ba tef mai ƙyalli, ba alamar kusurwa uku, sai ganye da aka jera a titi. Da ka ga ganye ko reshe a kan kwalta, ɗaga ƙafa daga totur tun ba ka ga komai ba. Bayan an gyara ta ma akan tafi a bar duwatsun da aka tokare taya da su. Fitila ɗaya da ke tahowa kada ka yanke cewa babur ne, ƙila tirela ce mai ido ɗaya, kuma ba ka san wane idon ne ya mutu ba. Ka yi gudun da za ka iya tsayawa a cikin iyakar hasken fitilarka. In kana bayan babbar mota ka sauke fitila zuwa dim, don haskenka na dukan madubinsa yana kashe masa ido.

Tanka tana da hukuncinta daban. Kayan cikinta ruwa ne, yana motsi. Ka tuna yadda ruwa ke yi a daro in yarinya ta ɗauko shi a ka ta tsaya farat ɗaya. Haka lita 33,000 ko 45,000 na fetur ke yi: direba ya taka birki, man ya taho gaba ya tura motar, ya shiga kwana, man ya koma gefe ya nemi kifar da ita. Wadda ba ta cika ba ta fi cikakkiya wannan rawar. Yawan haɗurran ne ya sa gwamnati ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Ka ba ta tazara fiye da ta tirela, kada kuma ka jera da ita a shataletale.

In ka tarar ta faɗi, ko kana ganin mai na tsiyaya, kada ka ratsa ta cikinsa da mota, salansarka da zafi take. Kada ka tsaya kallo ko ɗaukar hoto. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, cikin Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, mafi yawansu ba a cikin wata mota suke ba, sun zo kwasar mai ne. A mararrabar Dikko, nan kusa da kai a Suleja, ranar 18 ga Janairun 2025, sama da 80 suka tafi ta wannan hanyar. A Yamai ma haka ta faru kusa da filin jirgin sama a Mayun 2019, aka rasa fiye da 50. Ba ruwan man kaɗai ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana gangarawa cikin kwata da rami har ya yi nisa da inda tankar take. In da halin juyawa, juya ka koma. In motoci sun rufe ka, kashe injin, fitar da iyali, ku tafi da ƙafa ta ɓangaren tudu, ta inda iska ke tahowa ba inda take nufa ba. Sai kun yi nisa sosai sannan ka kira 122, lambar FRSC, ko 112, ka gaya musu sunan gari mafi kusa da ɓangaren titin da abin ya faru.